Rakiyar Mama Asabe Zuwa Kan Dutse

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Mace za ta zo sayen atamfa, sai ta ajiye ciniki ta ce, "Hajiya, wai da gaske kin yi rawar Gwarawa?" Matan unguwarmu kuwa har gida suke biyo ni. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda ta ji sai ta ƙara wa labarin gishiri, har an fara cewa an ga Hajiya Binta tana busa ƙaho. To ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi.

Duk wanda ya san rumfata a kasuwar Gwagwalada ya san Mama Asabe mai doya, don rumfarta tana jikin tawa. Mun haura shekara ashirin muna maƙwabtaka. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni. Ita 'yar ƙasa ce, Bagwariya, ko da yake ta sha gyara mini cewa su Gbagyi suke kiran kansu. Kirista ce. In na tafi salla ita ke tsare mini kaya, ran Lahadi kuma ni ke duba nata. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji: "Hajiya, ka ci abinci?" Tun ina dariya har kunnena ya saba.

Mace ce mai waƙa. Tana jera doya tana waƙa, tana korar awaki tana waƙa. Shekara biyu da suka wuce ɗanta Danjuma ya rasu a hatsarin mota a hanyar Lokoja, aka kai shi ƙauyensu aka binne. Tun daga ranar ban ƙara jin waƙa a bakinta ba, kuma ba ta ƙara taka ƙauyen ba. Tana zuwa kasuwa, tana ciniki, tana gaisawa da kowa, amma rumfar ta yi tsit kamar gidan da aka kashe wa rediyo.

Bana da kaka sai ga wani dattijo da 'yar jakarsa a hammata, Malam Yohanna, tsohon malamin firamare ɗan ƙauyensu. Ya ce 'yan ƙauyen da ke aiki a cikin Abuja sun kafa ƙungiya. Duk shekara in an gama cire amfanin gona sukan tara mutane a kan dutse a koya musu kiɗa da rawa da ginin tukwane da saƙar kwando, don 'ya'yansu suna tashi a birni ba su san komai ba. Wokshof suke ce wa abin. Ya ce Tani, yayar Mama Asabe, ita ke koyar da waƙoƙin mata, amma tsufa ya cinye mata murya, kuma duk ƙauyen su biyu ne kaɗai suka san waƙoƙin mahaifiyarsu har ƙarshe. Tani ta ce Asabe ta zo.

Mama Asabe ta ce ba za ta ba. Malam Yohanna ya yi lallashi har ya gaji ya tafi. Sai da la'asar, muna haɗa kaya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Hajiya, in ka raka ni zan je. Amma ba zan yi waƙa ba. Zan je in gaida Tani ne kawai."

Da na gaya wa maigidana Alhaji, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da benen asibiti ke gagara, za ki hau dutse?" Can ya ce, "Je ki. Maƙwabci yana da haƙƙi. Ki dai ɗauki man zafinki."

Kuskurena na farko akwati ne. Na ɗauko akwatina mai taya, wanda na je Umara da shi, na cika shi da turamen atamfa na tsaraba, da sukari, da sabulu, da filas, har da bargo. Mama Asabe kuwa 'yar jakar leda ce a hannunta. Muka shiga mota zuwa cikin gari, muka canja wata zuwa Nyanya, inda gosulo ya riƙe mu har na yi gyangyaɗi na farka muna nan a gaban mai rake ɗaya. Daga nan muka bi ta Jikwoyi da Orozo. Kwandasta ya ɗora mini akwatin a cinya ya ce, "Madam, ko ki biya masa kujera ko ki rungume shi." Na rungume shi har Karshi.

A Karshi na shiga wani shagon kayan masarufi in nemi inda zan yi azahar. Mai shagon yana jin gaisuwata ya ce, "Hajiya, wannan bakin na Zazzau ne." Ashe ɗan Tudun Wada ne. Ya shimfiɗa mini darduma a bayan kanta, ya aiko mana da waina mai zafi. Da ya ji inda za mu, ya riƙe baki. "Cikin duwatsu? Me kika rasa a can?" Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Ya ce ya fi shekara goma a garin, kullum yana hango duwatsun daga ƙofar shago, mutanen can su ne rabin masu sayen kayansa, amma bai taɓa hawa ba. Ni ma dai jiya-jiya haka nake.

Daga Karshi sai acaɓa. Aka ɗaure akwatin a bayan mashin ɗaya, ni a wani, Mama Asabe a wani. Muka bar kwalta muka shiga gonakin doya da dawa, har muka iso wani rafi. Ɗan acaɓana mai barkwanci ne. Ya tura mashin tsakiyar ruwa ya tsaya ya ce, "Hajiya, ga boda. Tayar gaba tana Nasarawa, ta baya tana Abuja. Fito da fasfo." Iyakar ke nan: ba shinge, ba soja, sai wata mata da ke wanki da agwaginta. Ya ce dole mu sauka mu taka, don yashin yana riƙe taya. Na tattare zane na shiga. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma yana da ja. Ina ɗaga ƙafa sai silifas ɗina ɗaya ya suɓuce, ya bi ruwa yana juyi. Ɗan acaɓa ya bi shi da kallo ya ce, "Wannan ya ƙi Nasarawa, ya koma gida." Na ji wani ɗan sauti a bayana. Na waiga na ga Mama Asabe ta rufe baki da gefen zane. Ba dariya ba ce sosai, amma ta kusa. Ta cire nata takalmin ta ba ni, ta ce ƙafarta ta san hanyar.

A gindin dutse mashin ya ce iyakarsa nan. Na ja akwatina taku kaɗan taya ɗaya ta karye. Muna tsaye sai ga mata suna gangarowa taryarmu. Ɗaya ta sunkuci akwatin ta ɗora a kafaɗa, ba a kai ba, ta yi gaba kamar ta ɗauki matashi. Na sha ganin matan Gbagyi da ƙwarya a kafaɗa a kasuwa, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Don kada a ce ban ɗauki komai ba, na ɗora jakar hannuna a ka yadda muka saba. Wata tsohuwa ta miƙo hannu ta sauke mini ita, ta yi magana da yarensu. Mama Asabe ta ce, "Wai kai yana ɗauke da tunani, kayan ya ishe shi." Na tuna yadda a gidanmu ake yi wa yarinya gammo tun tana ƙarama, ana yaba wadda ta iya tafiya da tulu ba riƙo. Kowa da inda ya ajiye darajarsa.

Hawan kuwa kada ku tambaye ni. Na zauna hutawa a kan kowane dutse mai kama da kujera. Na kira sunan Allah iya abin da na sani, na tuna Alhaji da tabaraunsa.

A gidan Tani muka sauka. Tsohuwa ce 'yar firit, idonta ya yi hazo, hannuwanta kuwa kamar saiwar itace. Ta shafa fuskar ƙanwarta, ta shafa kafaɗunta, ta ce ta rame. Ba ta ambaci waƙa ba. Abin da ya fara ba ni mamaki a gidan shi ne, ɗanta babba dattijon coci ne, na biyun ya musulunta sunansa Musa, ita kuma tana nan a kan abin da ta tarar iyayenta suna yi, kuma tukunya ɗaya ake ɗora musu. Musa ne ya yanka kazar da aka yi mini, ya nuna mini alƙibla, ya miƙo mini sabuwar buta da ledarta. Ya ce tun da aka ce Hajiya za ta zo uwarsa ta aike shi Karshi ya sayo. Ɗakin da aka ba mu na ƙasa ne da rufin kwano, ga rumbuna a jere a bayansa. Da asuba sanyi ya sauko, sai na gode wa Allah da na yi kuskuren ɗauko bargo.

Abinci ma sai da cikina ya koyi sabon karatu. Ni da na saba da koko da ƙosai, da sassafe sai a ajiye mini sakwara mulmula guda da miyar gauta, wai a ci a ƙoshi kafin a fita aiki. Da rana tuwon jar dawa da miya mai daddawa sosai. Wani tsoho ya zo gaishe ni da ƙwaryar burukutu a hannu, ya miƙo mini da ladabi. Kafin in buɗe baki Tani ta balbale shi da faɗa. Ya koma da sauri ya dawo da kunun dawa, yana ta ba ni haƙuri da Hausarsa, "Madam Alhaji, ka yafe."

A kan wani falalen dutse ake karatun, ƙarƙashin itatuwan ɗorawa. Masu koyo sun taru: 'ya'yan 'yan ƙauyen da suka zo daga birni da Turancinsu, ɗalibai 'yan jami'a, da baƙi irina 'yan kaɗan. Malam Yohanna ya ce kowa ya fara gaida Tani da yaren gari. Ya faɗa mini kalmomin, na maimaita da ƙarfina. Wurin ya kece da dariya, har tsofaffi suna riƙe ciki. Mu da muke cewa wanda bai iya Hausa ba yana gwaranci, ga ni yau a tsakiyar Gwarawa, ni ce mai karyayyen harshe. Su dai sun yi dariyarsu sun gyara mini, ba wanda ya raina ni.

Da safe ginin tukwane ake yi. A gangara a haƙo yumɓu, a jiƙa, a daka tsingaro a zuba, a tattake da ƙafa har ya yi laushi. Sai a kife turmi, a ɗora curin yumɓun a kai. Tukunyar ba ta motsi, maginiyar ce ke zagaya ta da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana jan bangon sama. Tani in tana yi sai ka ce rawa take. Ni kuwa zagaye kaɗan na yi jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin kwaɓaɓɓen yumɓu, da hijabina da komai. Tani ba ta gani sosai, da hannu take duba aikin kowa. Ta shafa tawa ta yi magana, Mama Asabe ta fassara: "Wai nan gefen katangar gidan yari ne, nan kuma ɓawon albasa." Ta rushe ta, ta ce in sake. Na sake, ta rushe. Wadda ta bari ta tsaya bakinta a karkace yake, amma ta ce za ta riƙe ruwa. Da ta sha iska aka ba ni wani santsin dutse in goge ta, aka koya mini murza igiya a jikinta don zane.

Da yamma kuma kiɗa. Maza su fito da ganguna da sarewa da ƙaho, tsofaffi suna riƙe hannun samari suna nuna musu inda ake bugu. Mata su ɗaura baƙin zane saƙi, su sa kacau-kacau a ƙafa, su duƙa kaɗan, su riƙa jan ƙafa a ƙasa ana zagaye. Ga amsar masu tambaya: a fili, inda maza da mata ke da'ira ɗaya, ban shiga ba, tafi na yi daga gefe, kuma ba wanda ya matsa mini. Amma a cikin gida, mu mata zalla, matar Musa ta ɗaura mini kacau-kacau na taka. Na taka sosai ma. Washegari man zafin da Alhaji ya ce in ɗauka ya yi rana.

Duk wannan abin Mama Asabe tana nan kamar baƙuwa. Tana daka tsingaro, tana ɗebo ruwa, tana yi mini tafinta. In lokacin waƙa ya yi sai ta koma bayan rumbu tana ɓarar gyaɗa. Tani kuwa za ta zauna a tsakiya, 'yan mata sun kewaye ta da wayoyinsu suna ɗauka, ta fara da muryarta mai kama da tsohuwar ƙofa. In ta kai tsakiya sai tari ya sarƙe ta, waƙar ta tsaya a nan. Kullum a wuri ɗaya. Ni na zauna cikinsu ina haddace farkon kamar aku. Sai da na tambayi Malam Yohanna ma'anarta tukuna, don kada in kira abin da ban sani ba. Ya ce ba komai a ciki sai mace tana roƙon wuta ta ci a hankali, kada ta fasa mata aikin hannunta.

Wata safiya Mama Asabe ta ce in raka ta. Muka bi bayan gari zuwa wani wuri mai ciyawa, ta tsaya gaban wani tudun ƙasa da aka kewaye da duwatsu. Ta durƙusa ta ciccire ciyawar da hannu. Na durƙusa na taya ta. Da muka gama ta ce, "Waƙan wutan nan, da shi nake goya shi. In na buɗe baki, shi nake gani." Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Mama."

Ranar ƙarshe ita ce ta gashin tukwane. Aka jera itace a fili, aka kife tukwanen a kai, manya a ƙasa ƙanana a sama, aka lulluɓe da busasshiyar ciyawa har ya zama kamar ɗaki. Al'adarsu ce in an cinna wuta mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, har wutar ta faɗi. Amma ranar Tani ta tashi ba murya ko kaɗan, sai raɗa. Aka cinna wuta, mata suka yi da'ira, kowa ya zuba mata ido. Ta jawo Musa ta raɗa masa a kunne. Musa ya ɗago yana ƙoƙarin haɗiye dariya ya ce, "Wai Hajiya ce za ta ba da waƙa."

Na ce, "Ni? A'a, Iya, ki rufa mini asiri." Ta dai nuna ni da sandarta. Ga wuta tana ci, ga mata suna jira. Na ce bismillah a zuciyata na buɗe baki.

Jama'a, ko a makarantar allo ba a taɓa yaba muryata ba. Ga shi yarensu in ka ɗaga murya inda ya kamata ka sauke, maganar ta zama wata. Daga baya Malam Yohanna ya gaya mini cewa maimakon wuta, akuya na yi ta roƙo ta ci a hankali. 'Yan mata suka kasa amshi don dariya. Na duba Tani, ta yi mini alama in sake. Na sake, ya fi na farko muni. Ina shirin jan na uku sai na ji an ture kwanon gyaɗa a bayan rumbu.

"Kai, Hajiya! Ba haka ba ne! Kana kashe waƙan uwana!"

Mama Asabe ce ta taho tana karkaɗe zane, ranta a ɓace da gaske. Ta tsaya gabana ta ce, "Ji nan. Haka ake yi." Ta rera baitin don ta gyara mini. Tana rufe baki matan nan gaba ɗaya suka amsa, amshi mai ƙarfi da na ji har cikin ƙirjina. Ta tsaya cak. Amshi ya ƙare, wurin ya yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar ciyawa a wuta. Wanda ya ba da baiti aka amsa masa, dole ya kawo na gaba. Sai ta kawo shi.

Ta wuce inda tari ke tsayar da Tani, ta shiga baitocin da 'yan matan ba su taɓa ji ba. Hawaye yana zuba har haɓarta, ba ta share ba, muryar kuma ba ta karye ba. Masu ganga da ke can gefe suka matso da kansu. Ni na ja da baya na shiga sahun masu amshi, inda muryata ba za ta cuci kowa ba, ina kuka ina amsa abin da ban san ma'anarsa ba. Tani tana zaune a kan turmi ta kawar da fuska gefe, tana buga sanda a ƙasa daidai da kiɗan.

Da wuta ta faɗi aka riƙa zaro tukwanen da dogayen sanduna, jajur da su, ana yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suna cuu, suna komawa baƙi mai sheƙi. Wasu sun fashe, har da ta wata ɗaliba da ta fi ta kowa kyau. Tawa mai karkataccen baki ta fito lafiya lau. Tani ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta ji ƙararta, ta gyaɗa kai. Sannan ta kama hannuna ta matse, ta yi raɗa. Musa ya ce, "Wai tun ranar da kuka zo take sauraron muryar kowa, tana neman wadda ta fi muni. Ta ce Allah ne ya kawo ki."

Washegari na haɗa kaya, na ga Mama Asabe ba ta taɓa jakarta ba. Ta ce, "Hajiya, ka je. Yaran nan ba su iya komai ba, kuma Tani ya tsufa. Zan zauna sai sun riƙe waƙan." Ta raka ni har gindin dutse. Matar Musa ta ɗauko akwatin, ni na rungume tukunyata a naɗe cikin bargo, haka na riƙe ta har Gwagwalada. Alhaji ya juya ta a hannu ya ce bakinta kamar na mai jin haushi. Amma yanzu ruwanta kaɗai yake sha, wai ya fi na firij daɗi.

Shi ya sa in kun zo kasuwa kwanan nan za ku gan ni tsakanin rumfa biyu, ina auna yadi ina jera doya. Shekaranjiya Mama Asabe ta kira ni. Ta ce sai da ta hau can ƙololuwar dutse kafin ta sami sabis. Ina jin iska, ina jin ganga can nesa. Ta tambayi Alhaji da yara, ta tambayi ko awaki suna damuna. Na ce komai lafiya, ta zauna abinta har ta gama.

Ta ce, "To, na gode. Amma Hajiya, abu ɗaya."

Na ce, "Ina ji, Mama."

Ta ce, "Kar ka yi waƙa a rumfana. Kwastoma zai gudu."

Ta fashe da dariya, irin wadda ake ji daga layin masu doya har layin masu nama, har sabis ɗin ya yanke tana yi.